Ɗakunan kwamfuta a jami'o'i: Amanar da ɗalibai ke wasa da ita

Da zarar an buɗe sabon zangon karatu a jami'o'in ƙasar nan, ɗakin kwamfuta na cikin wuraren da ke fara cika, tun kafin ɗakunan lacca su ɗauki harama. A can ake rajistar kwasa-kwasai da buga takardar shaidar biyan kuɗin makaranta. Idan zango ya yi nisa, a can ake ayyukan da malamai ke bayarwa, a ƙarshensa kuma a can dubban 'yan aji ɗaya da aji biyu ke zana jarrabawar kwasa-kwasan bai-ɗaya. Duk da wannan nauyi da ɗakin ke ɗauke da shi, da wuya a zagaya layukansa ba a tarar da kibod ɗin da aka ɓalle wa madannai, ko kwamfutar da aka tafi da maus ɗinta, ko wadda ta mutu murus aka jingine ta a kusurwa tana shan ƙura ba.

An saba ɗora laifin a kan gwamnati da hukumomin makarantu, kuma lallai suna da nasu kason. Sai dai akwai wani kaso da ba a cika son magana a kansa ba, wato halin da ɗalibai da kansu ke nunawa idan suka zauna a gaban na'urar da ba da kuɗin aljihunsu aka saya ba. Wannan halin ne ke sa wani ɗaki ya yi shekara biyar yana aiki, wani kuma ya zama kufai cikin zango biyu. Idan ya zama kufai kuwa, ba kowa ke ji a jikinsa ba. Ɗan mai hali zai koma ɗakin kwanansa ya buɗe laftof ɗinsa ya ci gaba da aiki. Wanda ake bari da hamma shi ne ɗalibin da sai da iyayensa suka kai hatsi kasuwa kafin su haɗa masa kuɗin rajista.

Waya ba ta maye gurbin kwamfuta ba

Wasu na ganin zamanin ɗakin kwamfuta ya wuce, tunda yanzu kusan kowane ɗalibi na riƙe da babbar waya. Gaskiya ne waya ta sauƙaƙa abubuwa da dama, da ita ake karanta takardun lacca, da ita ake samun sanarwar ajin. Amma akwai iyakar da ba ta ƙetarawa. Ɗalibin injiniya ko na tsara gine-gine ba zai koyi zane da AutoCAD a kan waya ba. Ɗalibar nazarin zamantakewa da ta tara amsoshin mutum ɗari uku tana buƙatar SPSS ko makamancinta kafin ta fitar da sakamako. Mai karatun kimiyyar kwamfuta sai ya zauna ya rubuta manhaja, ya gwada ta, ya nemo inda ta karkace. Ko kundin kammala digiri mai shafi sittin, tsara shi a kan waya wahala ce da ba kowa zai jure ba.

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan zuwa kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara amfani da tsarin ga masu zana jarrabawarta a matsayin masu zaman kansu. Jami'o'i da yawa sun bi sahu a kwasa-kwasan da ɗalibai suka yi yawa. Ma'aikatu da kamfanoni ma da kwamfuta suke tantance masu neman aiki. Ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye, wanda bai taɓa riƙe maus ba sai ranar JAMB, ba shi da inda zai saba da na'urar kyauta in ba ɗakin kwamfutar jami'arsa ba.

Saye kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. A 2024 aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000, alhali sabuwar laftof, ko da mai sauƙin kuɗi ce, ta ninka wannan adadi sau da yawa. Shi ya sa wurare irin su Cibiyar Iya Abubakar a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da cibiyar fasahar sadarwa ta Jami'ar Bayero Kano, da ƙananan ɗakunan da ke tsangayu da sassa, suka zama abin da ke rage tazara tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Kuɗin wane ne?

Tushen matsalar yana cikin maganar nan da ta zauna a bakin mutane, wai kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Ya dace a tsaya a duba inda kuɗin ke fitowa. Gine-gine da kayan aiki masu tarin yawa a manyan makarantun gwamnati suna ɗauke da tambarin TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF. Kuɗinsa ya fito ne daga harajin ilimi da aka riƙa cirewa daga ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023. Ribar kamfani kuwa daga aljihun mai saye take fitowa, wato mai sayen siminti da sukari da katin waya. Ban da wannan, jami'o'i da dama na sanya kuɗin fasahar sadarwa a cikin abin da ɗalibi ke biya duk shekara. Ke nan wanda ya ɓalle madanni don wasa, gumin iyayensa da na maƙwabtansa ya ɓalle.

Maye gurbin abin da ya lalace ma ya ƙara tsada. Kwamfuta da kayan gyaranta daga waje ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala na kusan Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura Naira 1,500. Kuɗin da zai cika ɗaki da na'urori a da, yanzu da ƙyar ya cika layi ɗaya ko biyu. Duk kwamfutar da ta mutu yau, tana iya daɗewa ba a ga madadinta ba.

Haka batun wuta yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki ga masu rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka shiga kukan kuɗin da ake kawo musu duk wata. A ƙaddara ɗaki mai kwamfuta 100, kowacce na jan wat 100, aka tashi aka bar su a kunne na awa 12 cikin dare. Yunit 120 ke nan, wato Naira 27,000 a kan wancan farashi, a dare ɗaya, ba tare da kowa ya amfana da komai ba. A wata guda kuɗin ya haura Naira 800,000. Rufe kwamfuta yadda ya kamata idan aka tashi aiki bai kai minti ɗaya ba.

Kujera da lokaci

Babban abin da ake rabawa a ɗakin kwamfuta shi ne lokaci. A ɗauki misalin ɗaki mai na'ura 50 da ake buɗewa awa 8 a rana, ɗalibai 500 kuma na dogaro da shi. Idan aka raba daidai, kowa zai samu minti 48. Idan na'ura 10 suka lalace, rabon kowa ya sauko zuwa kusan minti 38. Duk wanda ya zauna awa uku kuwa, ya haɗa da rabon mutum uku ko fiye. Da ɗalibai na yin wannan lissafi kafin su zauna, da an rage wasu halaye.

Na farko shi ne kama wuri. Ɗalibi zai shigo da sassafe ya ajiye jaka a kujera ɗaya, littafi a ta biyu, hula a ta uku, wai ya riƙe wa abokansa da ba su ma fito daga ɗakin kwana ba. Wani zai tafi lacca ta awa biyu ya bar na'ura a kulle da sunansa. Fita sallah ko kewayawa na 'yan mintoci uzuri ne da kowa ke karɓa, amma wanda ya san zai daɗe, abin da ya dace shi ne ya adana aikinsa, ya fita daga asusunsa, ya bar wa na layi.

Na biyu shi ne abin da ake yi da na'urar. Ba laifi ba ne mutum ya leƙa labarai ko ya duba saƙo idan ɗaki babu kowa. Laifi ne ya zauna kallon ƙwallon Firimiya ko fim mai dogon zango, ko ya shiga shafukan caca, alhali a bayansa akwai wadda za ta miƙa aiki ƙarfe huɗu. Cutar ba ta tsaya a kan kujerar kaɗai ba, domin intanet ɗin ɗakin bututu ɗaya ne ake sha tare. Fim ɗaya mai girman gigabait 1 ya yi daidai da maƙala 500 masu megabait 2 kowacce. Mutum biyar masu sauke fina-finai sun isa su sa shafin rajista ya ƙi buɗe wa sauran arba'in da biyar, su kuma su yi ta zagin hukumar makaranta ba su san mai laifin na zaune kusa da su ba.

Na uku shi ne hayaniya. Ɗakin kwamfuta ɗan'uwan ɗakin karatu ne. Amsa waya da ƙarfi, kunna sauti ba iyafis, da taruwar mutum shida a kan na'ura ɗaya ana gardamar siyasa, duk suna hana mai lissafi ko mai rubuta manhaja tattara hankalinsa. Aikin rukuni na buƙatar tattaunawa, amma ana iya yin ta ƙasa-ƙasa, ko a kammala shawara a waje kafin a shigo.

Akwai kuma waɗanda turereniya ta fi cutarwa. Idan aka mayar da shiga ɗaki ya zama na mai ƙarfin kafaɗa, ɗalibai mata ne ke komawa baya, musamman matan aure da masu zuwa daga cikin gari da ke son isa gida kafin magariba. Haka ɗalibai masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019 ta wajabta sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a, sai dai doka ba za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a ba mai keke hanya ba. Wannan tarbiyyar ɗalibai ce za ta yi shi. Bin layi da rubuta suna a rajistar shiga sun fi ƙarfin kafaɗa adalci.

Ƙananan abubuwan da ke kashe na'ura

Akasarin kwamfutocin da ke mutuwa a ɗakunan jami'a ba wani ne ya sa guduma ya fasa su ba. Sakaci ne na yau da gobe ke cin su.

Abinci da abin sha na kan gaba. Ledar ruwa guda da ta fashe, ko gorar zoɓo da aka ture da gwiwar hannu, ta isa ta kashe kibod, in ruwan ya gangara kan soket kuma abin ya wuce nan. Ɓurɓushin gyaɗa da biskit na shigewa ƙarƙashin madannai, ya jawo tururuwa da kyankyasai, daga baya ɓeraye su biyo, su kuma ba abin da suka fi so irin gwaguyar waya. Dokar hana shiga da abinci ba ƙeta ba ce, wannan ne dalilinta.

Sai cajin waya. Saboda ƙarancin wuta a ɗakunan kwana, wasu na ɗaukar ɗakin kwamfuta tamkar shagon caji. Har akan samu mai zare kebul ɗin na'urar da ke kusa da shi ya soka cajarsa. Kwamfutar da aka yanke wa wuta tana tsakiyar aiki na iya rasa abin da ake rubutawa, idan abin ya yi ta maimaituwa kuma rumbun ajiyarta ko manhajar da ke tafiyar da ita su samu matsala. Jera wayoyi da fawa-banki a kan na'urar UPS ma na cinye ɗan cajin da aka tanada don mutane su samu damar adana aikinsu idan an ɗauke wuta.

Yanayin Arewa na da nasa tasirin. Ƙurar hunturu na toshe fankar da ke sanyaya cikin kwamfuta, zafin bazara da kan haura digiri 40 kuma na gajiyar da ita. Barin ƙofa da tagogi a buɗe alhali na'urar sanyaya ɗaki na aiki, ko shigowa da takalmi buɗu-buɗu inda aka ce a cire, na rage kwanan na'urorin a hankali.

Daga nan sai filash. Kusan duk wanda ya yi karatu a jami'a ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a madadinsu. Filash ɗaya da aka ɗauko daga shagon buga takardu na iya harba kwamfuta, ita kuma ta harbi duk filash ɗin da aka soka mata a ranar. Ɗalibai da yawa sun yi asarar babi-babi na kundinsu ta wannan hanya. Maganin mai sauƙi ne, a bari manhajar kariya ta binciki filash kafin a buɗe, a kuma ajiye kwafin aiki a imel ko wata ma'ajiya ta intanet. Haka kuma ɗora wasanni da manhajojin sata da aka sauko da su daga shafukan da ba a sani ba, ƙofa ce da ake buɗe wa cuta da hannu.

Ɗauke maus ko kebul ko ƙwaƙule RAM daga cikin na'ura kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Sunansa sata, ko da mai yin sa ya kira shi aro. Musanya lalataccen maus da na teburin maƙwabci ma ba gyara ba ne, tura matsala ce ga wani. Wanda ya tarar da abu ya lalace, ya sanar da mai kula da ɗaki.

Sirri da doka

Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ba a gani da ido. Tun da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ɗalibai ke shigar da lambar NIN da BVN da ta JAMB a kan kwamfutocin da ɗaruruwan mutane ke taɓawa. Ana sauke takardar shaidar shiga makaranta da hoton fasfo da rasit, a buga, a tashi a bar su a cikin na'ura. Burauza za ta tambaya ko a adana kalmar sirri, mai gaggawa ya amsa da e. Wani zai haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar don ya tura fayil, ya tafi bai cire ba, duk wanda ya zauna bayansa ya ga hirarrakinsa da hotunan iyalinsa. Ga ɗaliba mace, irin wannan sakaci na iya zama silar barazana da tozarci da zai bi ta har gida.

Don haka kafin a tashi, wajibi ne a fita daga kowane asusu, a goge fayilolin da aka sauke har daga kwandon shara na kwamfutar, kada kuma a taɓa yarda burauza ta riƙe kalmar sirri. Harkar banki kuwa gara a bar ta a kan wayar mutum.

Ɗaya ɓangaren ya shafi wanda ya zo ya tarar. Idan ɗalibi ya zauna ya ga imel ko shafin wani a buɗe, a nan ake gane tarbiyyarsa. Abin da ya dace shi ne ya rufe ba tare da ya karanta ba, kamar yadda zai yi idan ya tsinci jakar wani a masallaci. Yin rubutu da sunan mai asusun don raha, ko sauya masa kwasa-kwasan da ya yi rajista, ko kwafe hotunansa, cin amana ne. Leƙen yatsun mutum yana shigar da kalmar sirri ma haka.

Kuma abin bai tsaya ga ɗabi'a ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukuncin tara ko ɗauri a kan laifuka irin su kutse cikin na'ura ba da izini ba, da yin sojan gona da bayanan wani, da yaɗa ƙwayar cutar kwamfuta da gangan. Ɗalibin da ya ba aboki sunansa da kalmar sirrinsa ya sani cewa duk abin da aka aikata da su, sunansa ne zai fito idan bincike ya tashi. Wanda ya yi damfara ta intanet ɗin makaranta kuma ya shafa wa jami'ar baki ɗaya kashin kaji, domin adireshinta za a fara gani.

Satar aiki ma ta samu wurin zama a nan. Wani zai tarar da aikin ɗan ajinsu a kan na'ura, ya sauya suna ya miƙa. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, wasu ke kwafo amsa ɗungurungum ba su ko karanta ba. A ɗakin jarrabawa kuma akan samu masu leƙen allon maƙwabci da masu zauna wa wani, duk da cewa dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 na nan, kora daga makaranta kuma hukunci ne da jami'o'i suka daɗe suna zartarwa. Wanda ya yi shekara huɗu yana kwafe, ranar da aka ajiye shi gaban kwamfuta a wajen neman aiki zai gane wanda ya cuta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ba adalci ba ne a tsaya kan ɗalibai kaɗai. Ɗalibi ya fi kiyaye wurin da ya ga masu shi na kiyayewa. An sha jin koken cewa a wasu makarantu ɗakin kwamfuta a garƙame yake yawancin shekara, ba a share shi a kunna sai tawagar tantance kwasa-kwasai ta NUC na tafe. An sha jin na ma'aikatan da ke ware wa 'yan uwa da abokai kujera, ko su mayar da na'urorin makaranta wajen yi wa mutane rajista da buga takardu don kuɗi. Inda ake haka, wa'azin amana ba zai shiga kunnen kowa ba.

Abin da ake buƙata daga hukumomi ba duka ne ke cin kuɗi ba. A rubuta dokokin ɗaki a taƙaice, a manna su inda kowa zai gani, a kuma bayyana dalilin kowace doka a makon wayar da kan sababbin ɗalibai. A ba kowane ɗalibi sunan shiga da kalmar sirri tasa, yadda za a san wanda ya zauna a kan kowace na'ura da lokacin da ya zauna. A ƙayyade wa'adin zama a lokutan cunkoso, kamar makon rajista da na miƙa kundi. A saita na'urorin yadda ɗalibi ba zai iya ɗora manhaja ba, kuma su riƙa goge abin da aka bari da zarar an sake kunna su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk cibiyar da ke riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, jami'o'i kuwa na cikin masu riƙe da bayanai mafi yawa.

Sannan a daina sayen na'ura a manta da kuɗin kula da ita. Duk kasafin da ya sayi kwamfuta ɗari ya kamata ya tanadi kibod da maus na canji, da mai gyara, da sabunta manhajar kariya. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Maimakon a ci gaba da amfani da kwafin sata, akwai manhajoji na kyauta irin su Ubuntu da LibreOffice da ke tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, koyon su ma riba ce ga ɗalibi.

Hukunci kuma ya zama daidai da laifi, ya faɗa kan mai laifin. Rufe ɗaki na wata guda saboda an sace maus biyu horo ne ga ɗaruruwan da ba su ji ba ba su gani ba. Haka nan kada a mayar da mai kawo rahoto abin zargi. Idan duk wanda ya ce "Malam, wannan ba ta kawo wuta" za a ce shi ya lalata, to kowa zai yi shiru ya sauya kujera, ƙaramar matsala ta girma. Littafin rubuta matsaloli a bakin ƙofa, wanda ake dubawa kullum, zai yi aikin da tsawa ba za ta yi ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai ma na da rawar takawa. Ƙungiyar ɗaliban kimiyyar kwamfuta ta NACOS da ƙungiyoyin sassa na iya tsara 'yan sa-kai da za su riƙa taimaka wa sababbin shiga, su kula da layi, su kuma ware rana guda a zango don share ƙura da duba na'urori tare da ma'aikata. Ɗalibin da ya taɓa kwance kwamfuta ya hure ƙurar cikinta da hannunsa, da wuya ya zuba ido wani na cin gyaɗa a kanta.

Takardar digiri da jami'o'in ƙasar nan ke bayarwa shaida ce ta hali da ilimi, kuma hali ake fara ambata. Waɗanda ke zaune a ɗakunan kwamfuta yau su ne gobe za a damƙa wa motocin ma'aikatu da magungunan asibitoci da asusun ƙananan hukumomi. Wanda ya saba zare kebul ɗin jama'a don cajin wayarsa, ba a san abin da zai zare ba ranar da aka ba shi makullin ofis. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ake nema daga ɗalibi bai fi ƙarfinsa ba. Ya bi layi, ya yi abin da ya kawo shi, ya tashi idan lokacinsa ya cika, ya rufe asusunsa da na wanda ya manta, ya kuma bar na'urar yadda zai so ya same ta. Akwai wanda zai zauna a kujerar bayansa, wataƙila ba shi da wata kwamfutar a duniya sai ita.